Kwanon da Malam Yake Fita da Shi

Yanzu idan aka idar da sallar magariba a layinmu na Karu, abin da kunne zai ji shi ne ƙarar geti ana ja, sai janareton wannan gida ya tashi, na wancan ya amsa masa. Kowa ya shige ya kulle. Mutumin da ya tare a gidan da ke kallon namu ya daɗe, amma har yau ban san sunansa ba, launin motarsa kawai na sani. Ni kuwa nakan shimfiɗa darduma a tsakar gida in zauna da carbina, bakina yana tasbihi, kunnena yana can yana neman wata ƙara daban: murfin langar tuwo yana ƙwal-ƙwal a hannun Malam, takalminsa yana jan ƙasa, yana ce wa yara su matsa masa daga hanya kada su zubar masa da arziki. Da kansa yake fita da kwanonsa, bai taɓa yarda wani ya ɗaukar masa ba.

Malam mijina ne, uban 'ya'yana, Allah ya jiƙansa. Mutane da yawa sun faɗi alherinsa a zaman makoki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Amma abin da ya tsaya mini a rai bayan kowa ya watse ƙarami ne, har nauyin faɗarsa nake ji. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya ɗanya shakaf har na yi furfura, ina dafa masa abinci kullum rana ta Allah, ashe ban san abin da yake so ba. Wanda bai taɓa riƙe muciya don wani ba zai ce wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ni dai ya hana ni sukuni.

Lokacin da aka dawo da ma'aikatarsu Abuja, garin nan bai zama gari ba tukuna. Daji ne da duwatsu da jar ƙasa, sai manyan motocin gini suna ta kai da kawowa. Ni 'yar cikin birnin Kano ce, na saba in leƙa ta katanga in karɓi garwashi a gidan gwaggona, sai ga ni a ɗan ɗaki biyu na kwatas, ruwan sama yana dukan rufi kamar ba zai tsaya ba, kwaɗi sun fara tun la'asar. Matan Gbagyi sukan wuce ta bayan gidan da ƙwaryar itace a kafaɗa, su gaishe ni in amsa a ciki, don a lokacin ko Hausarsu ban cika ganewa ba. Hawaye na yi ta zubarwa. Malam, da yake Bazazzage ne, kuma tsakaninmu da su akwai wasa, sai ya riƙa tsokanata: “Bakanuwa, in kin ƙarar da na yau, gobe da me za ki yi?” Ba na dariya. Ina jin haushinsa, ina jin haushin gwamnatin da ta kawo mu, har duwatsun ma haushinsu nake ji.

Abin da na zo da shi daga gida, ban da kayan ɗaki, shi ne wani ƙullin busasshiyar kuɓewa da Inna ta yanka, ta shanya, ta daka mini da hannunta. Ranar da za mu taso ta riƙe ni a soro ta ce, “Ke, namiji ba ya buɗe baki ya ce ga abin da yake so. Kwanonsa za ki riƙa dubawa in ya dawo. Abin da ya suɗe, shi ne nasa.” Na riƙe maganar nan gam, don Inna ba ta faɗin abu a banza. Abin da ba ta sa a lissafinta ba, Allah ya jiƙanta, shi ne ciyayya.

Jikokina ba su san ciyayya ba. Su kowa da farantinsa, a gaban talabijin, hannu ɗaya a abinci ɗaya a waya. A da kuwa, da an fito daga masallaci, magidantan layin kowa zai shiga gida ya fito da abincinsa, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon Alhaji Isuhu, wani Bakatsine mai sayar da kayan masarufi, a jera kwanuka a tsakiya, a buɗe su a ci tare. Ba a tambayar daga ina ka fito. Akwai ma'aikata irin su Malam, akwai direbobi, akwai Baban Ladi, ɗan asalin ƙasar nan, wanda shi coci yake zuwa amma yakan zauna a bakin shagon da kwanonsa a rufe har su sallame. In ana ruwa su matsa cikin rumfa. Mu mata muna ciki muna jiyo su: rediyo tana labaran duniya, ana gardamar siyasa, can sai dariyar Malam ta fito sama da ta kowa, irin dariyar nan da take ƙarewa da tari. Kowace mace ta san girkinta yana can gaban alƙalai. In kwanonki ya dawo da saura, to washegari ko fita gaisuwa ba kya son yi.

Wata Alhamis na tuƙa tuwon masara, na kaɗa miyar kuɓewar nan ta Inna da daddawa da ɗan busasshen kifi, ina kaɗawa ina share ido, don ƙamshin ya kai ni har tsakar gidanmu. Malam ya ɗauka ya fita. Da ya dawo sai ya ajiye langar a gabana ya ɗaga murfin. Tas, kamar an wanke. Ya ce, “Bakanuwa, yau kin tayar da rigima a layi. Kwanonki aka fara cinyewa, har da masu neman ƙari.” Na dubi langar, na dube shi, sai dariya ta kubce mini, ta farko tun zuwana garin. Ya tsaya yana kallona, hula a hannu. Daga ranar na ce a raina, shi ke nan, na gano mijina. Kowace Alhamis tuwo da kuɓewa. In ina son in faranta masa, ita nake kaɗawa, in mun saɓa ina neman shiri ba tare da na ba da haƙuri da baki ba, ita ce dai. In ta ƙare har Kano nake aikawa a kawo mini, don ta kasuwar nan ba ta yi mini ba.

A haka muka tara iyali. Malam bai yi kuɗi ba, bai kuma zama oga ba, har ya yi ritaya motar ma'aikata yake bi, da an yi asuba ya kurɓi shayi ya fita. Amma uba ne na gaske. Shi yake goge wa yara kayan makaranta ranar Lahadi da dutsen guga na gawayi, yana fifita shi yana biya musu karatun allo suna maimaitawa. Aljihunsa ba ya rabuwa da gyaɗa, in ya dawo su yi masa caa, shi kuma ya tsaya ya ɗaga hannuwa sama su caje shi son ransu. Bai taɓa dukan ɗa ba. In yaro ya yi laifi sai ya zaunar da shi ya yi ta masa magana a hankali, a hankali, har yaron ya gwammace a zane shi a wuce wurin. Ni ce mai faɗa a gidan, kowa ya sani. In na taso da masifata sai ya ce, “To, Kano ta motsa,” ya ɗauki butarsa ya fita, in tsaya ina faɗa da bango.

Ba wanda ya kashe ciyayya, a hankali ta mutu. Wasu suka yi ritaya suka koma garuruwansu, Baban Ladi da matarsa suka rasu, sababbin mutane suka zo suka ja katangu sama suka ɗora musu waya. Tabarmi suka koma tabarma ɗaya, daga ƙarshe ya rage daga Malam sai Alhaji Isuhu, tsofaffi biyu da kwano biyu da rediyon da sai an buga ta take magana. Haka suka riƙe abinsu har ciwo ya kwantar da Malam. Likita ya hana shi kusan komai, sai kunu da ɗan romo marar gishiri. A wannan ɗan tsakanin ne kawai na taɓa zama ina kallon mijina yana cin abinci, shi ma cokalin a hannuna yake. Wata rana da hantsi ya cika, kansa a kan cinyata, babban ɗanmu yana masa kalmar shahada. Alhaji Isuhu bai ƙara buɗe shago ba, 'yarsa ta zo ta tafi da shi gidanta a Jikwoyi.

Da na fita takaba na ce zan yi wa Malam sadaka da abin da ya fi so. Na tuƙa tuwo babbar tukunya, na kaɗa kuɓewa, aka kai masallaci ranar Juma'a. A ranar ne Alhaji Isuhu ya sa 'yarsa ta kawo shi ya gaishe ni. Ya rame, ido ya yi rauni, amma bakin nan nasa yana nan yadda na san shi. Na sa aka zuba masa, ina daga bakin ƙofa na ce, “Alhaji, ga abincin abokinka, wanda ya fi so a duniya.” Ya kai loma, ya lumshe ido, sai ya fashe da dariya har ya kusa ƙwarewa.

“Hajiya, wa ya fi so? Malam? Mutumin da ko ganin abu mai yauƙi ba ya son yi? Ko ɗanɗane ban taɓa ganin ya yi ba. Da ya ajiye sai ya turo gabana ya ce, Isuhu, ga taka. Ni ne nan nake suɗe miki langa shekara da shekaru, Allah ya saka da alheri.”

'Yarsa ta taɓa gwiwarsa ta ce, “Baba!” Sai a sannan ya ɗago ya dubi fuskata. Na ce, “To me yake ci, Alhaji?” Ya hau kame-kame, wai tsufa ne ya sa yake faɗin shirme, wai rana ta yi, hanya akwai cunkoson motoci. Suka yi sallama suka tafi, ya bar rabin tuwon a kwano.

Abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne, fushi ne. Da Malam yana nan a ranar, da layin Karu ya ji muryata. Na zauna ina tuna abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk safiyar Juma'a in na yi ɗumame nakan ce ya ɗan taɓa kafin ya fita, ya ce a'a, a bar wa yara, su suke girma. Ni kuma in ce a raina, kai, wannan uba da tausayi. Ashe gudu yake. Na kira babban ɗanmu na tambaye shi, ya ce, “Mama, Baba ai komai aka ba shi ci yake.” Na tambayi Hadiza, autarmu, wadda take zaune da ni, ta ce, “Mama, don Allah ki bar maganar nan, ya riga ya tafi.” Na ce mata ai tafiyar ce ta sa ba zan bari ba. Da yana raye da sai in tsare shi a ƙofa in tambaye shi. Yanzu kuwa ba abin da ya rage tsakanina da shi sai addu'a da sadaka, kuma ba zan ci gaba da raba wa mutane miyar Alhaji Isuhu da sunan mijina ba. Ina kewarsa, kuma na ga akwai wani ɓangare nasa da ban taɓa sani ba balle in yi kewarsa, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na dami Hadiza har ta ɗauke ni a mota zuwa Jikwoyi. Muka tarar da Alhaji Isuhu a ƙofar gida a kan kujerar roba, yana jin muryata ya ce, “Innalillahi, bakina ya jawo mini.” Muka gaisa. Na ce masa ba faɗa na zo yi ba, amma ba zan tashi daga nan ba sai ya faɗa mini. Ya daɗe yana murza sandarsa.

“Fate,” in ji shi. “Faten tsaki, na Maman Ladi, mai yakuwa da gyaɗa. Ya ce irinsa mahaifiyarsa take yi musu a ƙauyensu can ƙasar Zazzau. In aka buɗe kwanon Baban Ladi muka ga fate, to mun san ranar Malam ba zai yi gardama da kowa ba. Sai ya sunkuyar da kai ya yi ta ci, mu kuma mu janye hannu mu bar masa. Tun da matar nan ta rasu ban ƙara ganin ya ci abinci da irin wannan marmarin ba.”

Na ce, “Baki ne ba shi da shi da zai faɗa mini? Fate har wani abu ne?”

“Na yi masa magana, Hajiya, wallahi na yi. Ya ce, Isuhu, yarinyar nan na raba ta da garinsu na kawo ta daji, miyar nan ce kawai take sa ta ji ta yi wani abu a garin nan. Da wane bakin zan ce ba na so? In kuma na ce a yi mini fate, za ta tambaye ni a ina na ci. Da muka manyanta na sake tuna masa, sai ya ce ai yanzu lokaci ya wuce, in ya faɗa za ki zauna ki tuna duk Alhamis ɗin da suka wuce, ki ji ciwo. Ya ce gara shi ya haƙura.” Ya share ido da bakin rigarsa ya ƙara da cewa, “Ni kuma, gaskiya, ban matsa masa sosai ba. Miyar tana da daɗi.”

Muka kamo hanyar dawowa. Ga ni da jikoki, amma ina jin kishin tukunyar matar da ta daɗe a ƙasa, matar da har ruwa na sha ɗebo mata in tana ciwon ƙafa. A gidan ubana ba a yin fate, mu a birni muna ɗaukarsa abincin mutanen ƙauye ne lokacin damina, ban taɓa dafawa ba, ban taɓa kai shi baki ba. Na ce wa Hadiza ta tsaya a kasuwar Karu. Ladi, 'yar marigayiyar, tana da rumfar ganye a can, ita ma yanzu ta zama uwar mata. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai ta tafa hannu, ta amsa mini da irin Hausarsu ta Gbagyi.

“Kai, Mama! Baba Malam? Ai ni na sani tun ina ƙarami. Mamana zai ce, Ladi, ƙara gyaɗa, yau oga Malam zai ci. In bai ga yakuwa a kasuwa ba, har gona zai je ya tsinko.”

Wato har yara sun sani. Layi guda ya sani, ni kaɗai ce nake ta aike Kano. Na ce ta koya mini. Ta auno mini tsakin masara, ta zaɓo yakuwa da alayyafo da gauta da lawashin albasa, ta yi mini bayani dalla-dalla, abin da ake fara zubawa da abin da ake bari sai an kusa saukewa. Har na juya ta sake kirana ta ce, “Mama, kada ki bar shi fa, ki riƙa juyawa. In ka bar shi zai kama.”

Juma'ar da ta biyo na shiga madafa da kaina, na hana kowa sa mini hannu. Na wanke tsakin na rege shi, na daka gyaɗa, na ɗora ruwa da manja da attaruhu da daddawa. Ni da nake alfahari ba macen da za ta nuna mini girki a layin nan, sai ga ni ina tsaye a kan tukunya kamar sabuwar amarya. Na zuba tsakin ina juyawa, yana tsalle yana ƙona mini hannu, ina yi wa Malam faɗa a raina: ka ga abin da ka jawo mini da tsufana. Da ya yi laushi na zuba ganyen, na rufe na ɗan lokaci, na sauke. Aka ɗauka aka kai masallaci, na ce a faɗa musu sadaka ce ta Malam, su yi masa addu'a.

Ɗan kaɗan ya rage a gindin tukunya. Na jawo kujera 'yar tsuguno na zauna, na ce bari dai in ji ko gishiri ya ji, kada a ce matar Malam ta aika wa mutane lami. Na kai cokali ɗaya. Tsamin yakuwar ya fara zuwa, gyaɗar ta biyo ta kwantar da shi, ga ɗan ɗacin gauta can a ƙarshe. Na kai na biyu. Ban san lokacin da na jawo tukunyar tsakanin ƙafafuna ba, ina ci ina kankare gefe, hawaye yana zuba ban tsaya sharewa ba. A haka Hadiza ta shigo ta same ni. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Mama, lafiya? Yaji ne ya yi yawa?”

Na girgiza kai. Sai da na haɗiye na iya magana.

Na ce, “Daɗi ya yi mini, Hadiza. Duk shekarun nan, ashe abu ɗaya muke so ni da shi.”